Shirun Sarkin Noma, Daga Matameye Zuwa Kano

Tun ranar da muka dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A gidan likita inda nake aiki ana tambayata, a gidan suna ana tambayata, har matar da ta zo awon ciki jiya, ina duba ta tana cewa, "Uwani, wai wace allura aka yi wa Sarkin Noma?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na sami takarda na zauna in rubuta labarin sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Kuma in faɗa tun yanzu don kada kowa ya wahala da jira: a Kano ba a yi masa allura ko ɗaya ba.

Don wanda bai san mu ba, mahaifina shi ne Sarkin Noman unguwarmu a Matameye. Duk shekara idan ruwa mai ƙarfi na farko ya sauka, magidanta sukan taru a ƙofar gidanmu da hantsi, su bi shi gonarsa ta hanyar Kurni. Ya tona ƙasa da hannunsa, ya ga inda jiƙa ta kai. In ya ce a shuka, a shuka. In ya ce a dakata, a dakata. Haka ya gada daga nasa uban.

Bara ya ce a shuka. Gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone a tsaye. Wanda ya rage da iri ya sake zubawa, shi ma ya bi na farko. Sauran kun san shi, tunda tare muka ci jar dawar taimako da sojoji suka raba, tare muka ga maza suna ficewa ci-rani tun lokaci bai yi ba. Abin da ba kowa ya gani ba shi ne na cikin gidanmu. Baba ya daina hira. Daga nan ya koma amsa gaisuwa da kai. Daga nan ya fara mayar da kwanon tuwo yadda aka kai masa. Da bazara ta kama, mutumin da muryarsa ke cika zaure sai ka lura za ka san yana kan tabarma. Na tsorata ƙwarai, domin na ga masu mutuwa da yawa a wurin aiki, na san yadda suke fara juya wa mutane baya su kalli bango.

Ba abin da ba mu yi ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Mahaifiyarmu ta ce iskar gona ce, wana Ilu ya ce sammu ne. Ni kuwa, da yake na yarda da allura fiye da kima, na yi masa ta ƙarin ƙarfi har ya rasa wurin zama. A Damagaram aka duba jini aka duba ƙirji, aka ce lafiyarsa lau. Sai babban ma'aikacinmu, wanda muke kira majo, ya ja ni gefe ya ce ya ji labarin wani likita a Kano mai duba ciwon da ke cikin tunani. Ilu ya ce shi ba zai kai ubansa wurin mahaukata ba. Na ce to ya zauna, ni zan kai shi. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa yake kirana Inna, kuma ni kaɗai ce a gidan ke iya yi masa faɗa. Na tsaya a kansa na ce, "Baba, tashi, uwarka ce ke magana." Ya dube ni, ya laluɓi takalmansa.

Daga Matameye zuwa Ɗan Barto, garin bakin iyaka, ba nisa, wata tsohuwar mota ta kai mu kafin rana ta yi zafi. A nan wahala ta fara, domin sojojin Najeriya sun rufe iyaka. A takarda dai a rufe take. A ƙasa kuwa, bayan kasuwa kaɗan, amalanken jaki ne jere suna jiran mutane. Muka hau na wani dattijo mai suna Na-Allah, wanda nake jin tun da aka haife shi bai rufe baki ba. Tun daga inda muka tashi har muka sauka yana ba mu labarin wanda ya saki matarsa a kan mudun hatsi, da waɗanda suka fasa wa juna kai a bakin rijiya da makiyaya, da magidancin da ya ce za shi sallar asuba ba a sake ganinsa ba.

"Hajiya, mutanen kirki ne fa duka," in ji shi. "Na san su. Amma tun da ruwan nan ya ƙi, kowa zuciyarsa a wuya take. Ko jakin nan bana ya cije ni."

Na ce masa ni ba Hajiya ba ce. Ya ce za a je, in Allah ya yarda. Yana faɗar haka ƙafar amalanke ta faɗa rami, gorar furar da na dama wa Baba ta tuntsure a kan zanen da na keɓe don shiga birni. Haka na shiga ƙasar mutane ina tsami, ƙudaje na bina. Can Na-Allah ya nuna wata busasshiyar magarya ya ce mun shigo Najeriya. Na duba hagu na duba dama, karan bara ne a kwance da ƙasusuwan shanu, daidai da namu.

Mota ta ɗauke mu zuwa Daura, daga can muka sami ta Kano. Kowa ya gargaɗe ni cewa in soja ya tambaya in ce mu mutanen Daura ne. Na kuwa haddace. Amma da aka tsayar da mu a wani shinge, sojan bai tambaye ni ba, Baba ya tambaya. Baba ya yi shiru. Sojan ya sake tambaya da ƙarfi, Baba na kallon gwiwarsa. Da ya ɗaga murya karo na uku sai ƙaryar da na shirya ta gudu, raina ya ɓaci.

"Malam soja, a yi a hankali. Ubana ne, ba shi da lafiya. Daga Matameye muke, asibiti za mu."

"Ba ku san an rufe iyaka ba?"

"Mun ji. Amma wallahi mun duba ba mu ga ƙofar ba."

Wata mata kusa da ni ta fara salati a hankali. Sojan ya daɗe yana kallon Baba. Sannan ya buga jikin motar ya ce wa direba ya wuce.

A Kano muka sauka a gidan wata Hajiya Laraba mai sayar da abinci, wadda mutanen unguwarmu ke kwana a shagunan ƙofar gidanta idan sun zo ci-rani. Mace ce ƙatuwa mai faɗa da kyauta a lokaci guda. Ta dubi zanena ta ce, "Ke kuma da nono aka yi miki wanka?" ta jefo mini nata. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ruwa. A gida ko a wannan shekarar ba wanda zai sayar maka da ruwan alwala, a can kuwa da garwa ake sayensa. Na biyu gaisuwa. Mu mukan tsaya mu tambayi gida da gajiya da yara da dabbobi, su kuwa kana cikin tambayar gida mutum ya kai kwana. Burodinsu laushi kamar katifa, ba irin namu dogo mai ɓawo ba, ka ci guda ka tashi kamar ba ka ci ba. Amma tuwon shinkafar Hajiya da miyar taushe, wannan kam ba ni da ta cewa, na ci har na ji kunya.

Da yamma mutanenmu suka dawo daga aiki, masu ga-ruwa da masu gadi da masu yankan farce, sun fi goma. Babbansu Sale ne, maƙwabcinmu, magidanci mai gonaki biyu, yanzu kafaɗarsa duk kanta saboda sandar ɗaukar ruwa. Suka zube a gaban Baba suna "Ranka ya daɗe, Sarkin Noma." Suka haɗa hannu suka sayo masa tsire da lemo. Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kafaɗar Sale, sannan ya juya fuskarsa bango. Ko ruwan da suka kawo bai sha ba. Na ɗauka gajiyar hanya ce.

Washegari muka tafi asibiti, inda na sha kunyar da ban taɓa sha ba. A wurinmu in tsoho ya zo, kowa matsawa yake ya ba shi gaba. Sai na kama hannun Baba na wuce layi kai tsaye zuwa tagar yankan kati. Ashe sojojin can sun sa doka, wanda ya riga zuwa shi ne gaba, ko jikanka ne. Ga wani soja da bulala a gefe, ga wani mai babbar riga yana tsallen kwaɗo a rana saboda irin laifina. Sojan ya nuna mini ƙarshen layi da bulalar. Na buɗe baki zan yi bayani, na sake duban mai babbar rigar, na ja ubana muka koma baya salin alin.

Likitan saurayi ne siriri, Hausarsa da ɗan karkata, da ganinsa ba zai kai Ilu shekaru ba. Na duba teburinsa ban ga allura ba, ban ga kwalba ba, sai takarda da alƙalami. Raina ya ce mun yi asarar tafiya. Ya gaishe da Baba, ya tambaye ni sana'arsa, ya yi ta 'yan tambayoyi, Baba bai ce uffan ba. Ya ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi saboda barci, ya ce mu dawo jibi.

Da muka dawo sai ya bar maganar ciwo gaba ɗaya. Ya ce shi ma yana da 'yar gona a bayan gari, yana so ya gwada gero bana. Ya ce an gaya masa a tona rami mai zurfin kamu guda, a zuba iri cikin tafi, a danne da ƙafa biyu.

"Wane maƙiyinka ne ya gaya maka?" in ji Baba.

Wata biyar ban ji jimla daga bakinsa ba. Na dafe ƙirji. Likitan ko kallona bai yi ba, ya jawo takarda ya ce, "To Baba, koya mini." Baba ya koya masa, da murya a dushe, daga zurfin rami har yawan ƙwayar da ake jefawa. Likitan ya tambaya yadda ake gane ranar shuka. Baba ya fara bayani, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama.

"Ni na ce su shuka," ya ce. "Da wannan na auna. Irin unguwa guda na sa aka zuba wa rana. Ga su can ƙofar gidan Hajiya suna ɗaukar wa mutane ruwa, matansu na gida ba ko tsaba. Sun kawo mini nama. Da wane baki zan ci?"

Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Wata da watanni ina huda shi da allura, ban taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba.

Likitan ya bar shi ya numfasa, sannan ya ce, "Baba, makon nan na ga manomi daga Barno, na ga na Sakkwato. Su ma nasu ya ƙone. Kai ka ce su shuka?" Baba ya girgiza kai. Likitan ya ce awon da aka koya masa daidai ne a zamanin da in ruwa ya fara yakan ɗore, yanzu kuwa ruwan ne ya sauya hali, yakan yi sallama ya juya. Ya ce tun da farin nan ya shigo, masu zuwa wurinsa sun ƙaru, wani ba ya barci, wani ya zama mafaɗaci a gidansa, wani ya yi shiru kamar Baba, kuma kusan kowa yana ganin shi kaɗai ne ya gaza. Baba ya saurara, amma na ga maganar ba ta kai ƙasa ba.

Da muka fito likitan ya tsayar da ni a baranda. "Akwai wanda ya taɓa yi masa maganar shukar bara?" Na ce haba, wa zai iya, ai muna jin nauyinsa. Ya ce, "To shi ya ɗauka shirunku hukunci ne. Ni baƙo ne, in na ce ba laifinsa ba ne zai ce ladabi nake yi. Daga bakin waɗanda suka yi asarar ya kamata ya ji."

Da azahar na sami Sale a bakin famfo yana jiran layi, na gaya masa duk abin da Baba ya ce. Sale ya ajiye sandarsa. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya sake cirewa.

"Uwani, wallahi akwai magana, amma ba ta faɗuwa."

"Yau za ta faɗu."

"Mu fa... kafin ya fito mun riga mun shuka."

Ban gane ba sai da ya warware mini. Tun da damina ta fara gajarta, ba mai iya jiran hantsi. Ruwa na sauka, ana idar da sallar asuba kowa ke zamewa gonarsa da sungumi. Su yi abin da ya samu, su dawo su wanke ƙafa, su canja riga, su taru a ƙofar gidanmu su raka Sarkin Noma ya auna ƙasa. In ya ce a shuka su ce madalla. In ya ce a dakata su ce to, su koma su ƙarasa da yamma ta bayan gari. Ba wanda ya gaya masa, domin ba a gaya wa babba cewa an daina jiransa.

Na ce to shi zai gaya masa yau. Sale ya ce gara sojoji su kama shi su mayar da shi iyaka a ƙasa. Na ce masa, "Yaya Sale, kun girmama shi har kun kusa binne shi. In ya mutu da wannan a ransa, ni zan tsaya a wurin zaman makoki in faɗa da bakina, kuma ka san zan iya." Ya san zan iya.

Bayan la'asar suka shigo zauren Hajiya su huɗu, suka durƙusa nesa da tabarmar kamar masu neman aure. Sale ya yi ta kewaye-kewaye har na yi gyaran murya, sannan ya faɗa, idonsa a ƙasa. Baba ya juyo daga bango.

"Sake faɗa."

Sale ya sake faɗa.

"Bara kaɗai?"

"Ranka ya daɗe... an ɗan jima ana yi."

"Shekara nawa?"

"Za a yi bakwai."

"Ilu ya sani?"

Sale ya dube ni, na kawar da kai. "Ranka ya daɗe, shi ke ta da mu."

Ina jin Hajiya tana kwashe tuwo a cikin gida. Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. Sai ya fashe. Ya ce musu munafukai, ya ce musu ɓarayin asuba, ya ce shekara bakwai suna sa shi yana durƙuso a gona kamar mai neman allurar da ta faɗi, su kuwa suna tsaye a bayansa da wankakkun ƙafafu. Ya zagi Sale, ya haɗa da kakan Sale wanda ya ce shi ma haka yake. Su kuwa sai "Allah ya huci zuciyarka" suke yi, hawaye na zubo wa Sale. Hajiya ta leƙo da kwano a hannu ta ce, "Wannan ne marar maganar?" Baba ya ce ta ajiye kwanon nan. Ya wanke hannu ya ci rabi yana ci yana faɗa, ya tura wa Sale sauran ya ce ya ci don ubansa.

Mun ƙara kwana huɗu, mun koma wurin likita sau biyu. Ya gargaɗe ni kada in ɗauka an gama, ya ce za a yi ranakun da shirun zai dawo, a riƙa zama da shi ana magana ko ba daɗi. Ranar ƙarshe Baba ya ce masa in ya tashi shukar geronsa ya raba irin uku, kada ya zuba wa ruwan farko duka. Likitan ya rubuta.

A hanyar dawowa ba wanda ya tsayar da mu. Mun sake samun Na-Allah a bakin daji, wannan karon sai da ya yi da gaske kafin ya sami wurin jefa magana, domin Baba na ta yi masa gyara a kan yadda ya ɗaure jakin. Da muka tsallaka, Baba ya daina yi masa gyaran. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Inna, da kin bar ni da laifina, da na mutu ina Sarkin Noma. Yanzu ga shi zan rayu ina tsoho kawai."

Na ce, "Tsohon muke so, Baba."

Na san gaskiyar nan ta yi masa zafi, har yau kuma tana yi masa. Ni dai ban yi nadama ba, gobe ma in aka sake haka zan yi.

Mun iso Matameye da la'asar sakaliya. Tun daga bakin lungu, kafin a sauke kayanmu, Baba ya ɗaga murya yadda duk unguwa ta ji: "Ina Ilu? A ce ya fito nan, ɓarawon asuba!" Mahaifiyarmu ta saki taɓarya ta fito ba mayafi. Ilu ya fito da gudu ya durƙusa a ƙasa, Baba na tsaye a kansa yana wanke shi tas a gaban jama'a. Shi kuwa Ilu, gemu da gemu, ya riƙe ƙafar ubansa yana kuka yana cewa, "Ƙara, Baba. Don Allah ƙara."